Shekarar da Aka Hutar da Inna

Na san abin da aka gaya muku a kaina. An ce muku Goggo Dije baki gare ta, wai a kan titi, gaban baƙi, ta ɗaga wa yayanta murya, shi ya sa kujerar Makka ta suɓuce mata tana ji tana gani. Rabin maganar gaskiya ne, kuma ban taɓa musun sa ba. Baki kam ina da shi, tun ina ƙarama aka san ni da shi. Ɗaya rabin ne ba wanda ya zaunar da ku ya gaya muku, domin waɗanda suka san shi duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu kuma da kuka haɗa kai, 'ya'yan cikina da 'ya'yan Yaya Buba, kuna aiko mini da saƙo wai in daina fita zagayen safe da tsofaffin unguwa saboda na yi tuntuɓe sau ɗaya a bakin kwata, na ga gara in rubuta muku abin da ya faru tun ina da sauran ido. Ku karanta, in kun gama ku sake aiko saƙon idan kuna da bakinsa.

Kakarku Inna Bafulatana ce ta rugar da ke bayan Roni, can inda duwatsu suka kewaye gonaki. Tun kafin a haife ni take ɗora ƙwaryar nono a ka ta nufo Kazaure a ƙasa, ta sayar, ta auno hatsi da gishiri, ta koma kafin shanu su dawo daga kiwo. Rani da damina haka take, ban taɓa jin ta ce wayyo ƙafa ko wayyo baya ba. Doguwa ce siririya, in tana tafiya sai ka haɗa da sassarfa kafin ka jera da ita, kuma ba ta waiwaye. Mu biyu kaɗai muka rayu a cikin 'ya'yanta, Yaya Buba ɗan farinta, sai ni da na zo can baya bayan an binne huɗu a tsakaninmu. Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, kuna kiran naku da suna gatsal har da rungume shi a gaban mutane. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci in yana wurin, in ya durƙusa ya gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "mai gidan nan". Duk son da take masa a ciki ta kulle shi, kuma duk abin da ya yanke a kanta ba ta da bakin cewa a'a.

Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru kuɗin mai suka shigo ƙasa. Wanda jiya ka bari yana facin keke sai ka tarar da shi yau da takardar kwangila a hammata. Yaya yana cikin waɗanda Allah ya buɗa wa, yana gina azuzuwan makaranta da kwalbatoci daga Kazaure har Babura da Gwiwa. Ba zan hana shi yabonsa ba, mutum ne mai sakin hannu, kuma yana son uwarsa kamar ransa. Ya sauke farali, ya gina gidan siminti mai rufin kwano a Kazaure, ya ja famfo har tsakar gida. Da mahaifinmu ya rasu Inna ta fita takaba, sai ya je da mota ya ɗauko ta daga ruga. Ya ware mata ɗaki, ya sa gado da katifa da kujera mai taushi da rediyo. A gabana ya tara mutanen gidan ya ce:

"Daga yau Inna ta huta. Duk wanda na ga ya bar ta ta ɗauki ko da buta ce, ni da shi ne. Ta sha wahalar duniya a kanmu, ya isa haka."

Kowa ya yaba, ni ma na yaba har da 'yan hawayena. A garin nan ba abin da ake auna ɗa da shi kamar a ce ya hutar da uwarsa, kuma ba abin da ke zubar da shi kamar a ga uwarsa da faskare ko tulu alhali yana da hali. Matarsa Rabi baiwar Allah ce mai gudun ɓacin ran miji, kafin Inna ta miƙa hannu ta riga ta miƙo mata. Inji ya karɓe daka da niƙa, famfo ya karɓe rijiya, mota ta karɓe hanya. In Inna ta faki ido ta ɗauki tsintsiya sai a zo da gudu a karɓe ana ba ta haƙuri. Matar da ta shekara hamsin tana tatsar saniya aka koma ana dama mata madarar gwangwani ana kai mata har gado. Fuskarta ta ciko, masu zuwa gaisuwa suna ta cewa hutu ya karɓe ta, ita kuwa tana murmushi tana kallon ƙafafunta.

Ni a lokacin ina aiki a asibiti, ina taimaka wa ungozoma, da yardar mijina Malam Idi, Allah ya ji ƙansa. Ban yi wani dogon karatu ba, amma ina da ido. Na sha ganin ƙato ya yi wata guda a kwance, ranar sallama ya miƙe ƙafafunsa suna rawa kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Duk da haka ban kawo Inna a wannan lissafi ba sai wata Juma'a da na shiga gidan da la'asar na tarar da ita tana salla a zaune. Na tsaya bakin ƙofa har ta sallame.

"Inna, zazzaɓi ne?"

"A'a."

"To me ya zaunar da ke?"

"In na sunkuya ba na iya tasowa, Dije. Gwiwoyin nan kamar na aro."

"Kin gaya wa Yaya?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Da wane bakin?"

Ba a yi kwana goma ba Yaya ya dawo daga Kano da albishir. Ya biya kujerar Makka uku: tasa, ta Inna, da tawa don in riƙa kula da ita a masaukin mata. Ba zan ɓoye muku ba, ranar har rawa na taka a tsakar gida. Ni Dije, 'yar ruga, matar tela, zan hau jirgi in ga Ka'aba da idona! Da murnar ta ɗan lafa sai na kawo masa maganar ƙafafun Inna. Ya yi dariya irin ta wanda ya riga ya gama shiri.

"Wannan ai ba abin damuwa ba ne. Akwai ƙarti a can, aikinsu ke nan. Su ɗora tsoho a wani gadon katako, mutum huɗu su saɓa a ka su yi ɗawafi da shi. Safa da Marwa kuma a tura ta a keke. Ko ƙasa ba za ta taka ba."

Inna tana zaune ta ba shi baya, ba ta ce uffan ba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin godiya kamar yadda ya saba. Sai da ƙarar motarsa ta ɓace sannan ta juyo. Ban taɓa ganin idonta haka ba.

"Dije, ni da na kawo nono Kazaure da cikin wata tara, ni za a kai ɗakin Allah a saɓe kamar buhun gero? In haka ne a bar ni a nan. Amma ba zan iya ce masa na fasa ba, kin sani."

Saura wata shida tafiya. Na ce mata in Allah ya yarda da ƙafarta za ta kewaya ɗakin nan. Na faɗa ne kawai, ban san ta inda zan fara ba. Na gwada zagaya tsakar gida da ita, Rabi ta fito tana roƙona in rufa mata asiri, Alhaji ya hana. Waje kuwa ya fi wuya. Tsohuwa ba ta fita haka kawai ta kama tafiya ba inda za ta. In ta yi, kafin azahar gari ya ɗauka: ko dai ta fara ruɗewa, ko ɗanta ya yi watsi da ita. Motsa jiki da kuke faɗa yanzu, a lokacin na sojoji ne da 'yan makaranta masu gajeren wando.

Sai na kai kukana wurin Iya Falmata, wata Babarbariya mai sayar da turaren wuta a bayan layin gidan Yaya. Tsohuwa ce mai jiki, mai murya, wadda in ta yi sallama a zaure har maƙwabta sai sun amsa. Ita ma 'ya'yanta sun zaunar da ita, tana tafiya tana dafa bango. Ta saurare ni tana tauna goro, sannan ta ce:

"Ke yarinya ce har yanzu. Wa ya isa ya hana tsohuwa zuwa dubiya? Wa ya isa ya hana ta zuwa barka ko gaisuwar mutuwa? Zumunta a ƙafa take. Ki bar ni da Bafulatanar nan, ai baiwata ce."

Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Abin da magiyata ta kasa, wannan wasan ya yi shi. Washegari da hantsi Iya Falmata ta faɗo gidan tana kwarara kira.

"Ina baiwar nan tawa? An ba ki katifa kin manta da uwar gijiyarki ko? Tashi ki riƙe mini mayafi, matar liman ba lafiya."

Inna ta ɗago daga gado. "Yaushe bawa ya fara aiken ubangijinsa? Ko a kwance nake na fi ƙarfin Babarbare."

"To tashi mu gani, in ba tsoro ba."

Ta tashi. Gidan liman gida huɗu ne tsakani, amma sai da muka huta sau biyu, ni a dama Iya Falmata a hagu, ban san ma wa ke riƙe da wa ba. Inna ta jiƙe sharkaf da gumi, amma duk lokacin da ta nemi tsayawa sai Iya Falmata ta ce dama ta san Fulani ba su da ƙashi, sai Inna ta cije ta ƙara taku. Da muka isa aka jawo musu kujera, na ce a mayar, tabarma ta isa. Na riga na lura cewa zama a tabarma da tashi daga kanta shi ne sujada da miƙewa, kuma shi ne abin da Inna ta rasa.

Haka muka fara. Kullum da hantsi, kafin in wuce asibiti, sai an sami wanda za a gaisar. Ni ke zaɓen gidan, kuma da gangan nake zaɓa: na yau ya fi na jiya nisa da gida biyu ko uku. A kowane gida a zauna a tabarma, a gaisa, a yi addu'a, a miƙe ba tare da an ja kowa da hannu ba, sai in abin ya faskara. In muka tarar ana daka, kowace tsohuwa ta karɓi taɓarya ta yi ko goma ne. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin wata ya cika sai ga wasu tsofaffin suna jiran mu a ƙofar gidajensu da mayafi a kafaɗa, ashe duk unguwar cike take da iyayen da aka hutar, kowace tana zaune a ɗaki tana sauraren rediyo da ciwon gwiwa. Muka zama shida, muka zama goma sha. Har marasa lafiya suka ƙare mana. Akwai wani bawan Allah mai ciwon haƙori da muka dubo sau uku, a na ukun ya fito da kansa ya rantse mana ya warke. Daga baya mutane suka gane, sai a aiko daga wata unguwa a ce an yi haihuwa, tsofaffin nan su zo su sa albarka. A wata na uku Inna ta daina dafa ni. A na huɗu na fara haɗawa da sassarfa kafin in jera da ita, ranar kuwa na koma gida ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Yaya ba ya zama, yau yana Kano gobe yana wurin gini. Rabi ta gaya masa Inna tana ɗan zuwa dubiya, ya ce direba ya riƙa kai ta. Iya Falmata ta ce ita warin fetur amai yake sa ta, kuma ba ta tafiya ba baiwarta. Shi a zatonsa nan maƙwabta ne. Ranar da asiri ya tonu muna dawowa ne daga unguwar Kanti, mun je gaisuwar rasuwa, tafiya mai nisa, rana ta fara zafi. Sai ga farar motarsa ta taho daga hanyar Kano, da wasu manyan mutane biyu a ciki, abokan harkarsa. Ta wuce mu, ta ja birki, ta dawo da baya. Ku auna abin da ya gani: uwar Alhaji Buba a gefen titi cikin ayarin tsofaffi, ƙafa buɗu-buɗu, gumi na bin wuyanta. Ya fito ya buɗe ƙofar baya da kansa, ya rusuna.

"Inna, shigo mu je gida."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya masa baya. Ba za ta iya cewa a'a ba, kuma na ga ƙafarta ta fara matsawa wajen motar. Na san in ta shiga yau, shi ke nan, gobe ba fita. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Ba za ta shiga ba, Yaya."

"Me kika ce?"

"Na ce ba za ta shiga ba! Da ƙafarta ta zo, da ƙafarta za ta koma. Hutun nan naka shi ya kusa gurgunta ta."

Baƙin suka sunkuyar da kai, ɗaya ya shiga gyaran hularsa. Yaya ya dube ni, ya dubi tsofaffin, ya mayar da ƙofar a hankali ya shiga ya ja motarsa. Iya Falmata, wadda ba a taɓa rufe mata baki ba, ita ma ranar sai da muka yi nisa sannan ta ce, "Yarinya, kin fasa tulu."

Da na gaya wa Malam Idi, ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Dije, tsawar da kika yi masa gaban baƙi kuskure ce, yayanki ne, uba ne. Je ki ba shi haƙuri a kanta. Ɗaya maganar kuwa ke kika san abin da kika gani."

Na je da la'asar na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini ɗaga murya. Har ga Allah da gaske nake. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: yawon nan ya tsaya daga yau. Ya ce na mayar da shi abin nuni a gari, ana cewa yana hawa mota uwarsa tana taka ƙasa. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na ce masa wannan karon ba hange ake bukata ba, ya leƙa ɗakin Inna lokacin salla ya gani da idonsa. Na ce ita ba ta son a saɓe ta a ɗakin Allah.

"Ita ta gaya miki? Ni me ya sa ba ta gaya mini ba?"

"Yaya, yaushe ta taɓa gaya maka wani abu?"

Nan ne ya fusata da gaske, domin na taɓa inda yake masa ciwo.

"Ki zaɓa. Ko ki bar wannan shirme, ko kujerarki ta zama ta Rabi."

"Allah ya sa Rabi ta yi aiki karɓaɓɓe."

"To kada in sake ganin ƙafarki a gidana."

Na tashi na kakkaɓe zanena na fito kaina a sama. Da na isa gida na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Kada wani ya ce muku abin bai dame ni ba. Na riga na ɗinka farin mayafi, na riga na yi sallama da mutane, na haddace addu'o'in ɗawafi. Kwana da kwanaki in na ji ƙarar jirgi a sama sai in shige ɗaki. Sau biyu na ɗauki mayafi zan je in ce masa na janye, sau biyu ina tuno Inna a zaune kan buzu tana salla kamar mai jinya, sai in mayar da mayafin in rataye.

Washegarin korata na je na tsaya a kan kwana, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, tunda an hana ni gidan. Abin da ya faru a ciki Rabi ce ta ba ni labari daga baya. Yaya ya fasa fita, ya sa kujera a zaure ya zauna. Iya Falmata ta zo ta yi kiranta kamar kullum. Inna ta ɗauki mayafi ta fito, ya miƙe ya tare ƙofa yana cewa don Allah ta koma ta zauna. Ta tsaya, ta juya wajen Rabi kamar ba kowa a zauren sai su biyu.

"Rabi, ki gaya wa mai gidan nan, na gode da gado, na gode da kujera, Allah ya yi masa albarka. Ki gaya masa kuma ƙafar nan ba shi ya ba ni ita ba. Wanda ya ba ni ita zan je in nuna wa."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin magana mai tsawon wannan daga bakinta a kansa ba. Rabi ta ce sai ya matsa gefe ya jingina da bango. Ni dai abin da na gani shi ne Inna ta ɓullo daga zauren, Iya Falmata na biye da ita tana haki tana cewa baiwa ba ta wuce uwar gijiyarta. Bai sake hana ta ba, ni kuma bai janye mini ba. Muka ci gaba, da azumi muka rage nisa, bayan salla muka ƙara, har muka riƙa kaiwa gindin dutsen bayan gari mu dawo. Sallar idin wannan shekara a tsaye Inna ta yi ta, ina bayanta a sahun mata ina ƙirga ruku'unta maimakon in kula da tawa, Allah ya yafe mini.

Ranar tafiya a waje na tsaya cikin 'yan rakiya. Inna ta ratso mutane ta kama wuyan hannuna ta matse, ta shiga mota. Shekara uku Yaya bai yi mini magana ba. Da muka shirya ma, a wurin wani suna ne, ya ce "Dije, ya yara?" na ce "Lafiya lau, Yaya," shi ke nan. Har ya koma ga Allah bai taɓa cewa ina da gaskiya ba, ni ma ban taɓa cewa na yi kuskure ba, kuma ina kewarsa har gobe. Makka sai bayan shekara ashirin da wani abu na je, da furfurata. Zagayen safe kuwa bai mutu ba. Waɗanda muka fara da su duk sun tafi, 'ya'yansu suka tsufa suka shigo, yau ni ce Iya Falmatar ayarin, ni ke tsayawa a ƙofar gida ina kwarara kira.

Mu koma shekarar tafiyar Inna. Da alhazai suka dawo, gidan Yaya ya cika da 'yan barka da sauka, ni ina gidana. Tsaraba ta zaga dangi kaf, dabino da zamzam da tasbaha da zobba, har maƙwabtana an aiko wa, ni ko ƙwallon dabino ba a kawo mini ba. Na ce ba komai, amma raina ya sosu, har na fara zargin ko Inna ma ta bi bayan ɗanta. A rana ta uku da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji sallama. Ita ce, ita kaɗai, ta rame ta yi baƙi, tana ɗan ɗingishi. Daga gidan Yaya zuwa nawa tafiya ce mai tsawo, kuma ban ji ƙarar mota ba. Na shimfiɗa mata tabarma ta zauna da kanta.

"Bakwai na kewaya ɗakin, Dije. Bakwai na yi Safa da Marwa. Na tsaya a Arfa, na yi jifa da hannuna. Ƙartin nan suka biyo ni da gadonsu suna yi mini yare, na ce su nemi wani."

"Yaya fa?"

"Wancan? Yana bayana yana haki."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma na kasa tsayar da su. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta sunkuya ta tuɓe takalmanta, ta ɗago ƙafafunta biyu ta ɗora a kan cinyata. Tafin duk ya tsage, duga-dugan sun yi faso har da busasshen jini, ƙunar dutse mai zafi ta saɓule fatar a wuri biyu, farcen babban yatsa ɗaya ya fita.

"Ban sayo miki komai ba," in ji ta. "Ga tsarabarki."

Na aika aka ɗebo mini ruwan ɗumi da man shanu. Na daɗe ina wanke su ina shafawa, ban yarda kowa ya taya ni ba.